Rasit Ɗin Tasalla

Tasalla 'yar Damagaram tana zaune a wata ƙasar waje, tana yi wa kamfanin Kanada fassara ta kwamfuta. Ta je neman izinin aiki, jami'in ya yatsina fuska.

"Babu izini, aikinki ba a ƙasarmu yake ba. Amma ki biya harajin ma'aikata yau, ko gobe ki tattara kayanki."

Ta ajiye kuɗin, ta danne da hannu.

"To yallaɓai, rubuta min rasit cewa harajin aikin da nake yi a ƙasarku ne. In kuwa ba na aiki a nan, harajin me zan biya?"

Ya dubi kuɗin, ya haɗiyi yawu. Ya jawo takardar izinin yana gunaguni, ya buga mata hatimi.