Wasoson Gizo da Irin Gyaɗar Malama Hawainiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To, Tasi'u, fara janye hannunka daga kwanon ayar nan. A gidan nan ba a wawura. Ku buɗe kunne."

A wani gari na dabbobi an yi wata tsohuwa, Malama Hawainiya. Shekara da shekaru tana koyar da yaran garin a gindin tsamiya, har tsufa ya sa ta ajiye alli. Ba ta da kowa, ba ta da komai, sai 'yar gona a bayan gari da ƙwarya guda ta irin gyaɗa. In ba ta shuka irin nan ba, bana sai yunwa.

Garin kuwa suna da al'adar wasoso, irin wadda kuka sani. Ranar suna ko biki, mai abu zai watsa alewa ko dabino sama, ya ce, "Wasoso!" Abin da kowa ya cafe nasa ne. Amma fa mai abu ne ke faɗa, da bakinsa.

Rannan Gizo ya zauna ya dubi gaɓoɓinsa takwas, ya ce wa matarsa, "Ƙoƙi, mai irin waɗannan hannuwa don me zai tsaya jiran biki?"

Ya laɓe a bakin hanya. Sai ga Akuya da farantin ƙosai a ka. Ya sa ƙafa ya taɗe ta, ya kwarma ihu da tsamin bakinsa, "Washosho!" Kafin kowa ya sunkuya ya kwashe tas. Akuya ta ce Allah ya isa, ta wuce.

Kashegari ga Zomo da kwandon dabino. Ƙafa, ihu, "Washosho!" Zomo ya karkaɗe kunnuwa ya yi haƙuri.

Rana ta uku hadari ya fara haɗuwa a gabas. Malama Hawainiya ta ɗauko ƙwaryar irinta za ta gona, tana takawa ɗaya bayan ɗaya. Gizo ya taɗe ta. Gyaɗa ta watse, ya bi ta caraf, caraf, caraf, ko ƙwaya bai bari ba.

Malama ta miƙe. Ta yi ja, ta yi baƙi, ta koma ja don fushi.

"Kai Gizo! Ni na koya maka ƙirga ƙafafun nan naka, yau ni za ka taɗe da su? Maido mini irina!"

"Malama, ai washosho ne."

"Wasoson uban wa? Ni na faɗa? Wuce mu je gaban alƙali!"

Alƙalin garin Dila ne, har lokacin kuwa da man ƙosai a gemunsa, don Gizo ya riga ya kai masa gaisuwa. Malama ta jero ƙararta daki-daki, ba ta tsallake ko tuntuɓe ba. Gizo ya durƙusa yana, "Yanka ya daɗe, al'ada ce."

Dila ya yi gyaran murya ya ce, "Duk abin da ya faɗi ƙasa aka ce wasoso, na wanda ya cafe ne, ko daga bakin wa kalmar ta fito."

Idon Malama ɗaya na kan Dila, ɗaya na kan Gizo. Ta ce, "Ban ji ba. Maimaita."

Ya maimaita.

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

Dila ya manta shi alƙali ne, ya tuna bulalar gindin tsamiya. Ya miƙe tsaye ya faɗa karo na uku, har masu tallan bakin kasuwa suka ji.

Malama ta ce, "Madalla. Zauna."

Daga nan ba ta koma gida ba. Ta bi gidajen tsofaffin ɗalibanta, Zabuwa da Kaza da Kurciya, ta yi musu raɗa a kunne, suka haɗa mata 'yan kayan da ta nema.

Ruwan farko ya sauka, iri ya yi tsada. Ranar kasuwa Gizo ya juye gyaɗar a babbar ƙwarya ya ɗora a ka zai kai sayarwa. Da yake ya san yadda ake taɗe mutane, sai ya riƙe ƙwaryar da hannu shida, yana tafiya da ƙafa biyu, yana duban ƙasa.

Malama kuwa tana kan reshen tsamiya a bakin kasuwa. Da ya iso, ta watsa alewa sama. "Wasoso!"

Gizo ya ce a ransa, hannu huɗu ma sun isa riƙon ƙwarya. Ya saki biyu, caraf!

Ta watsa dabino. "Wasoso!"

Ya ce, ai biyu ma sun isa. Ya ƙara sakin biyu, caraf! Ƙwarya ta fara rawa a kansa.

Sai ta watso wasu dunƙule-dunƙule masu sheƙi, suna ɗigar zuma. "Wasoso!"

Kai, jama'a, zuma fa! Gizo ya watsar da alewa, ya watsar da dabino, ya daka tsalle da gaɓoɓinsa takwas duka. Ya cafe su kuwa, ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. Ashe ƙarangiya ce Malama ta dulmiya a zuma! Ƙwarya ta faɗi ƙasa, fus, gyaɗa ta watse.

Malama ta buɗe muryar nan da take kiran yara aji da ita, ta ce, "Wasoso!"

Zabuwa da Kaza da Kurciya da 'ya'yansu suka faɗa wa gyaɗa, tsut, tsut, tsut. Ba wanda ya haɗiye ko ɗaya. Kowa ya tsinta sai ya kai kan zanen da Malama ta shimfiɗa. Gizo na tsalle yana, "Wayyo hannuna! Wayyo gyaɗata!" Ya kai hannu, ƙaya ta ƙara shiga. Ƙwaya ɗaya ta gangaro gabansa, ya sunkuya zai ɗauka da baki, Malama ta zuro harshenta tun daga kan reshe, zut, ta ɗauke.

Sai ga Dila. Gizo ya ce, "Yanka ya daɗe, ba da bakina aka faɗa ba!"

Dila zai yi magana, Malama ta juya ga mutanen kasuwa ta ce, "'Yan aji, me alƙali ya ce?"

Kasuwa duka ta amsa baki ɗaya, "Na wanda ya cafe ne, ko daga bakin wa kalmar ta fito!"

Dila ya shafa gemu, ya ce ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Malama ta ƙulle zanenta ta ce, "Nawa ya dawo. Saura ƙosan Akuya da dabinon Zomo." Da Gizo ya ji haka, ya zura da gudu, ya haye lungun rufin ɗaki. Har yau yana can, hannuwa a baje, yana jiran abin da zai faɗo masa. Ita kuwa Malama a ranar ta yi shuka, a shekarar rumbunta ya cika.

"To kun ji. Abin da ba a miƙo maka ba, ba naka ba ne, kuma hannun da ya saba wawura wata rana ƙaya zai damƙo."

Tasi'u ya haɗa tafukansa biyu. "Kaka, don Allah a miƙo mini aya."

"Yawwa, mai gidana, ungo. Ƙungurus kan kusu, in da ƙarya a ciki, ku hau rufin ɗaki ku tambayi Gizo."