Gudun Hanzalu a Saharar Jamru

A zamanin da aljanu ke yaƙi da sarakunan mutane, wani ifiritu mai suna Ƙarƙazu ya sace Sulafatu, 'yar sarkin gizagizai, ya kulle ta a hasumiyarsa, ruwan sama kuwa ya ɗauke wa Birnin Zabarjadu. Yarima Dalhatu, ɗan sarkin birnin, ya yi shirin yaƙi, ya fita da runduna tare da ƙanensa Hanzalu.

A Saharar Jamru ƙishirwa ta cinye dawakai da raƙuma da dakaru, har ya rage su biyu. Dalhatu ya zura wa ƙwarin wurin ido, yana mamakin abin da ke raya su. Ya ga buzuzu yana kifa kai da asuba, raɓa na gangarowa daga bayansa zuwa bakinsa. Ya ga gara ta nutsa ƙarƙashin ƙasa neman danshi. Ya ga wata tururuwa mai dogayen ƙafafu da ke fitowa a guje da tsakar rana, lokacin da zafi ya kori ƙadangarun da ke cinta. Wa da ƙanen suka riƙa shanya rawunansu suna matse raɓa, suna wuni cikin rami, har suka isa hasumiyar.

Takobin da zai iya halaka Ƙarƙazu na kafe a tsakiyar rairayi, masu gadinsa ba sa barinsa sai da zawali, sa'ad da ƙasa ke narkar da takalmi. Dalhatu ya ce su yi haƙurin gara, su jira wata dabara.

Hanzalu ya ce, "Yaya, gara na da danshi a raminta. Mu ƙishirwa ba za ta jira mu ba."

Kafin Dalhatu ya riƙe shi, ya fita a guje. Ya dawo da takobin, tafin ƙafafunsa sun saluɓe, ya cika a cinyar wansa.

Dalhatu ya binne shi, ya afka wa ifiritun, ya sare masa kai. Ya auri Sulafatu, mahaifinsa ya naɗa shi sarki, hadari ya haɗo, jama'a suka fita suna rawa cikin ruwa.

Ana cikin haka mahaifiyarsu ta zo da tulu, ta roƙe shi ya kai ta ta yayyafa wa kabarin autanta ruwan saman farko. Sarki Dalhatu ya sunkuyar da kai, domin tun kafin ya bar saharar, rairayi ya shafe kabarin.