Lawali da Risalar Yaƙin Sararin Samaniya

Akwai wani ɗalibi ɗan Gusau a Alƙahira, sunansa Lawali. Shekararsa tara a unguwar Darrasa. In an zauna a ahwa, wato shagon mai shayi, bayan la'asar, shi ke riƙe da hira. Duk labarin yaƙin duniya a bakinsa ake ji, ko ya sani ko bai sani ba.

Yana digiri na biyu a fiƙihu, maudu'insa hukuncin dillanci. Wannan kam ya san shi ciki da waje, don shi ke raka 'yan kasuwar Kano sayen kaya a kasuwar Ataba. Shekara biyu yana tara bayanai, saura kaɗan ya fara rubutu.

Sai aka haɗa shi gidan haya da Abdurrahim, mutum marar surutu, wanda ya taɓa karatun kimiyya a gida kafin ya juyo na addini.

Wata rana ana hirar ƙasashen da ke gwada kakkaɓo taurarin ɗan'adam da makami mai linzami. Lawali na ta zuba, sai Munzir, Bahaushen Sudan mai sayar da littattafai, ya tambayi Abdurrahim ra'ayinsa.

Abdurrahim ya ce ai abin da yake so ya rubuta risala, wato kundin digirinsa, a kai ke nan. Tauraro ɗaya ne soja ke saita makami da shi, shi ne kuma motar asibiti da jirgin alhazai ke dogaro da shi su gane hanya. To, ya halatta a harbe shi a yaƙi?

Nan take kowa ya juya kujerarsa wajen Abdurrahim.

"Ya Lawali, yau an samu maigidanka," in ji Munzir. "Sha shayinka kawai, ma'alish, yi haƙuri."

Aka yi dariya, aka manta. Lawali bai manta ba. Kullum ya ga an kewaye Abdurrahim ana tambayarsa, sai ya ture kofin shayinsa gefe. Shi da ya nuna masa inda ake hawan metro?

Ku da ba ku yi karatu a can ba, bari in gaya muku yadda tsangayar su Lawali take. Wanda ya riga yin rajistar maudu'i, nasa ne, ba mai taɓa shi. Sauyi kuma sau ɗaya ake yarda da shi, kuma sai da maudu'i ake sabunta wa mutum tallafin karatu da iƙama, wato takardar zama.

Lawali ya san duk wannan. Amma ya tashi takanas ya je ofis, ya janye nasa, ya rubuta na Abdurrahim da sunan kansa.

Abdurrahim sai da ya kai takardunsa ya ji labari. Ya dawo gida idonsa ja, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Allah ya sa albarka, Yaya Lawali. In kana son littattafan da na tara a kan maudu'in, suna kan tebur."

Wallahi da zagi ya yi, da ya fi wa Lawali sauƙi. Ko kallon littattafan bai yi ba. Ya ce a ransa, wanda ya shekara tara yana fassara wa mutane labaran duniya ba zai koyi sama a wurin baƙo ba.

Ranar da kwamiti ya zauna duba tsarin bincike, Lawali ya sha babbar riga, ya kwararo Larabci kamar ruwa. Daktor Fadl, dattijon da ke shugabantar zaman, ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi abu ɗaya: in aka farfasa tauraro a can sama, ina tarkacensa ke zuwa?

Lawali ya ce ƙasa za su faɗo mana, don haka wajibi ne kwamanda ya jira sai tauraron ya zo saitin teku.

Daktor ya cire tabarau.

"Ɗana, da yawansu ba sa faɗowa nan kusa. Shekaru suke yi suna kewaya duniya da gudun da ya fi na harsashi, suna barazana ga taurarin mutanen da ba ruwansu da yaƙin. Mas'alar gaba ɗaya a nan take. Khalas, magana ta ƙare."

Aka ƙi amincewa da tsarinsa.

Da gudu ya sauka ofis, yana roƙon a mayar masa da dillancinsa ko da sau ɗaya ne. Ma'aikacin ya buɗe rajista, ya juyo masa ita. Wani ɗalibi daga Indonisiya ya ɗauke maudu'in tun mako uku da suka wuce.

Tallafi ya tsaya. Iƙama ta ƙare. Maudu'in sararin samaniya ya koma babu mai shi, Abdurrahim ya je ya rubuta sunansa.

Ranar da Lawali zai koma gida, Abdurrahim ne ya sauko masa da akwati daga hawa na biyar. Ya ce, kai, me ke ciki da nauyi haka? Lawali ya kasa ɗaga ido. Takardun dillanci ne, aikin shekara biyu, wanda ba mai karantawa.

Darasi: Mai hassada nasa yake fara saki kafin ya kai hannu ga na wani. Riƙe abin da Allah ya ba ka, ka yi wa ɗan'uwanka fatan alheri. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu karatu a waje, kada wani ya yi asarar shekarunsa a kan baƙin cikin banza.