Rasitan Gwaggo Hajo

Akwai wani mutum a Madina ana ce masa Saifuddeen. A nan aka haife shi, a nan ya yi karatu har ya zama akanta a wani kamfanin gine-gine. Kakansa ne ya zo daga Kano a ƙafa, ya yi aikin hajji, ya zauna. Saifuddeen yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa magana da ita, da Larabci zai amsa.

Yana da gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, Hajo. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Ita ta goyi Saifuddeen bayan mutuwar uwarsa. Shekara arba'in tana zaune a wani ƙaramin gidan haya a unguwar Bani Harisa, mai tsakar gida da itacen dabino guda ɗaya da mijinta ya kawo dashensa daga Khaibar.

Sana'arta fura da tuwo. Duk lokacin hajji alhazan gida sukan nemi ƙofarta. In alhazai sun watse, sai ta ƙulle abin da ta samu ta ba mai komawa Kano ya kai wa Ɗan'inna, ƙanin mijinta, ya saya mata hannun jari a wani kamfanin man girki. Shekara mai zuwa a kawo mata rasit. Ita kuma sai ta juya bayansa ta rubuta bisimilla, ta rubuta shekara da abin da ya faru a cikinta, da ajamin da mahaifinta ya koya mata. Rasitan nan ta tara su cikin wani tsohon gwangwanin alewa.

Saifuddeen ya raina gwangwanin nan. Yakan ce mata yanzu duniya ta bar takarda, komai yana cikin na'ura. Ya taɓa ɗaukar rasit ɗaya ya juya bayansa, ya ga haruffan Larabci amma ya kasa karanta ko kalma guda, ya yi dariya ya ce wannan ai ba Larabci ba ne, ba kuma boko ba.

Gwaggo ta ce masa, "Hausar kakanka ce, ya waladi, ɗana. Zauna in koya maka."

Ya ce, "Ba'adain, Gwaggo." Wato sai wani lokaci. Lokacin bai taɓa zuwa ba.

Wata shekara ciwon suga ya kwantar da ita asibiti mako uku. Saifuddeen ya ga dama ta samu ta gyara mata ɗaki. Ya sa aka yi fenti, aka kawo sabon gado, aka kwashe tarkace. Da ya zo kan gwangwani sai ya tsaya. Shi ɗan Madina ne, ba zai jefa takarda mai bisimilla a shara ba. Don haka ya juye rasitan cikin leda, ya kai masallacin unguwa, ya zuba su cikin akwatin da ake tara tsoffin takardu masu sunan Allah. Ya dawo yana jin ya yi aikin lada.

Da ta dawo ta buɗe gwangwani ta ga wayam, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya gaya mata inda ya kai su, ya ƙara da cewa kamfani yana da sunanta da adadin jarinta, khalas, shi ke nan, babu abin da ya ɓata. Sai ta rufe gwangwanin ta mayar ƙarƙashin gado.

Bayan shekara biyu abubuwa biyu suka taho tare. Mai gidan hayar ya rasu, ɗansa Sa'id ya ce magada za su sayar. Saboda daɗewar Gwaggo ya ba su wata uku, in sun kawo kuɗi gidan nata ne. A cikin makon kuma Ɗan'inna ya kira daga Kano ya ce wani babban kamfani ya haɗe da nasu. Za a karɓi tsoffin hannayen jari, a biya wani kashi da tsabar kuɗi, sauran a ba da sabbin hannayen jari waɗanda ba a sayar da su sai bayan wata shida.

Saifuddeen ya buga lissafi. Tsabar kuɗin, in aka canza su zuwa riyal aka haɗa da ajiyar Gwaggo, sun yi daidai da kuɗin gidan, ba ragi ba ƙari. Ya ce wannan daga Allah ne. Washegari ya kai wa Sa'id kafin alƙalami, aka rubuta cewa in wa'adi ya cika ba a cika kuɗi ba, kafin alƙalamin ya tafi.

Gwaggo ta so ya dakata. Ta ce masa ita a sana'arta ba ta taɓa kiran ciniki riba ba sai ta cire kuɗin gero da nono, kuma ta san hukumar can gida ba za ta bar kuɗi haka su wuce ba ta lasa ba. Ya ce mata shi ne akanta. A iya saninsa, mutum ya fitar da zakka ya gama. Bai tuna cewa jarin yana wata ƙasa mai dokarta daban ba.

Bayan kwana goma Ɗan'inna ya sake kira, ya ce akwai harajin riba, kuma ba za a saki kuɗin ba sai an daidaita shi. Ya yi bayani a hankali, irin na tsoho. Ba a kan dukkan kuɗin ake biya ba, sai a kan riba. Za a haɗa duk abin da Hajo ta kashe wajen saye. Tun da tsabar kuɗi su ne kashi shida cikin goma na abin da aka biya ta, kashi shida na kuɗin saye za a cire daga cikinsu, abin da ya rage shi ne ribar da za a yi wa haraji. Sauran kashi huɗun su bi sabbin hannayen jari har ranar da za a sayar da su.

Ya ce kada su damu, domin yawancin jarin ta saye shi ne a shekarun tsada, ribar ba ta da yawa, harajin kaɗan ne da Saifuddeen zai iya cikewa daga aljihunsa.

"Ka dai ɗauki hoton rasitan ka turo min, Saifu. Suna wajen gwaggonka, cikin gwangwani."



Sai a ranar ya gane abin da ya zubar. Kamfani ya san yawan jarinta, amma bai san nawa ta saya ba, domin ta hannun dillali aka saya, dillalin kuwa ya rufe ofis da daɗewa. In babu shaida, za a ɗauka ta saya a farashin farko na kwabo-kwabo, kusan duk kuɗin su zama riba, harajin ya ninka sau da yawa. In kuma suka ce sai an tono tsoffin takardu, aikin wata shida ne ko fiye.

Ya tafi masallaci da sauri. Mai kula da masallacin ya ce masa duk wata ake zuwa a kwashe akwatin, a kai inda ake kai irin waɗannan takardu cikin girmamawa. Shekara biyu kuwa ba jiya ba ce.

Ya nemi rance a banki, aka ce bashin motarsa bai bar masa wuri ba. Ya roƙi Sa'id ƙarin wata biyu. Sa'id ya ce da shi kaɗai ne da ya yarda, amma su tara ne magada, kuma wani ya riga ya taya. Wa'adi ya cika. Gida ya tafi, kafin alƙalami ya bi shi.

Ranar tashi, Gwaggo ta tsaya ƙarƙashin dabinon ta daɗe. Maƙwabta mata suka fito suna share hawaye. Aka kai ta gidan Saifuddeen a unguwar Al-Khalidiyya, hawa na huɗu, inda babu tsakar gida, babu mai leƙowa ya ce Hajo kin tashi lafiya.

Da yamma yana jera mata kaya, sai wata takarda ta faɗo daga cikin Alƙur'aninta. Rasit ne, shi kaɗai ya tsira, domin shi take sa alamar inda ta tsaya. Ya juya bayansa, ya miƙa mata, ya ce da Hausa, "Gwaggo, me aka rubuta?"

Idonta ya riga ya yi rauni, amma ba ta buƙaci dubawa ba.

"Na shekarar da uwarka ta rasu ne. Na rubuta: kuɗin furar bana, na yi ta da Saifu a bayana. Allah ya sa ya yi karatun da zai riƙe mana lissafi."

Ya durƙusa a gabanta. Ya ce ta koya masa rubutun, ko yanzu.

Ta shafa kansa ta ce, "Zan koya maka. Sai dai abin karantawar guda ɗaya ya rage."

Darasi: Kada karatunka ya sa ka raina abin da babba ya adana don kawai ba ka iya karanta shi ba. Ka tambaya kafin ka zubar. Ku masu hannun jari kuma ku riƙe shaidar nawa kuka saya da ranar saye, kada ku yi alkawari da kuɗin da ba a cire musu haraji ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu tsofaffi a gida, ko wani gwangwanin zai tsira.