Katakon Da Dogo Ya Ce Lafiyarsa Ƙalau

Akwai wani mutum da ake kira Dogo, wanda ya shekara tara yana koyon ƙera kwalekwale a wajen wani tsoho a bakin kogi. Kowa Baba yake ce wa tsohon. Ba ya yawan magana, yabo kuwa sai ka yi shekara ba ka ji daga bakinsa ba.

Dogo ya iya aiki, wannan ba mai musu. Idan ya ƙwanƙwasa katako da bayan guduma, daga ƙarar kawai yake gane mai lafiya da mai tsagewa a ciki. Kowa ya ɗauka Dogo ne Baba zai bar wa rumfar aikin idan ƙarfi ya ƙare.

Wata rana matar Dogo ta roƙe shi ya kai ƙaninta wajen Baba. Tela ne, magidanci mai 'ya'ya biyu, ɗinki ya daina ciyar da shi. Dogo da kansa ya kai shi. Mutanen rumfa suka ci gaba da kiransa Tela, suna tsokanarsa cewa kada ya yi wa kwalekwale aljihu.

Ba a yi wata shida ba dariya ta tsaya. Tela yakan ɗauki kwali da alli da almakashi, ya fitar da lanƙwasar gefen jirgi kamar zai yanka hannun riga, sannan ya ɗora a kan katako ya zana. Idan aka yanka aka haɗa, ko allura ba ta shiga tsakani.

Baba ya shafa mahaɗar da yatsa, ya ce, "Wannan ido ne. Ku zo ku gani."

Dogo ya je ya gani. Shekara tara bai taɓa jin an kira mutane su zo su ga aikinsa ba.

A gida ma bai tsira ba. Matarsa tana zuba masa abinci tana cewa, "Baban yara, an ce Baba ya yaba wa ƙanina. Ai tun yana ƙarami haka hannunsa yake."

"To," in ji Dogo. Ya ture kwanon, ya ce ya ƙoshi.

Ana nan aka kawo aikin babban kwalekwale na fiton mutane, Baba ya ba Tela shimfiɗa katakon ƙasa. Ranar da zai fara, Tela ya ɗauko wani dogon katako mai sulɓi ya kawo wa Dogo.

"Yaya, duba min wannan. Ni har yanzu kunnena bai buɗe ba."

Dogo ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta fito a mace. Ya sake bugawa kusa da tsakiya, ya tabbata akwai tsagewa a ciki. Ya ɗaga kai, ya ga Baba can nesa yana wasa zarto.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Sa abinka."

A ransa cewa ya yi, ruwa zai ɗan shiga ranar gwaji, a yi wa Tela dariya, kowa ya koma matsayinsa. Iyakar abin da ya so ke nan.

Ranar gwaji aka loda buhunan yashi, nauyin mutum ashirin. Abin da Dogo bai zata ba, Baba ya ce shi da kansa zai shiga. Ya naɗe wando, ya dafa kafaɗar Tela ya hau. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, ya ga idon mutane, ya yi shiru.

Sun kai tsakiyar kogi katakon ya dare. Ba ɗigo aka yi ba, ruwa ne ya taso ta ƙasa gaba ɗaya. Kafin Dogo ya tuƙa ƙaramin jirgi ya isa, kwalekwalen ya nutse. Tela yana riƙe da wuyan rigar Baba da hannu ɗaya, yana ta shan ruwa, ya ƙi saki.

An fito da su da rai, amma Baba ya kwanta, ƙirji ya riƙe, tari ba dare ba rana. Tela kuwa ya zo rumfa ya tattara allinsa da almakashinsa a leda.

"Yaya, na kusa kashe tsoho. Wannan sana'a ba tawa ba ce. Ka yafe min kunyar da na ba ka."

Abin da Dogo ya daɗe yana so ya samu, amma ya kasa barin Tela ya tafi. Ya kama hannun Tela, ya ja shi har ɗakin da Baba yake kwance, ya durƙusa a bakin tabarma ya faɗi komai. Bai rage ko kalma ba.

Baba ya daɗe yana tari kafin ya yi magana.

"Shi bai sani ba, ya tambaya. Kai ka sani." Ya numfasa. "Kana tsammani ban ga aikinka ba? Sabon shiga ake yaba wa don kada ya gudu. Kai ai na riga na gama shawara a kanka, kai zan bar wa rumfar. Yanzu kuma sai na sake tunani. Da mata da jarirai ne a ciki fa?"



Baba bai kori Dogo ba. Ya sa shi ya fito da jirgin, ya cire ƙasan duka, ya sake shimfiɗa shi da hannunsa. Makullin rumfa ya ci gaba da zama a ƙarƙashin matashin Baba.

Tela ya dawo aiki, bai kuma faɗa wa yayarsa komai ba. Har yau yana gaishe da Dogo da ladabi, yana ce masa Yaya. Sai dai idan ya yi shakkar katako, yakan saɓa shi a kafaɗa, ya wuce Dogo a tsaye, ya tafi har gidan Baba ya tambaya.

Darasi: Baiwar wani ba ta rage maka taka ba, hassada ce take cinye ta. Wanda ya yarda da kai har ya tambaye ka, amana ya ɗora maka. Ka faɗa masa gaskiya ko da zuciyarka tana ƙuna, domin ana iya gyara jirgi, amma yarda ba ta cika dawowa ba. Ku tura wa abokan aikinku da masu koyon sana'a, wataƙila wani yana riƙe da irin wannan shirun a yau.