Ranar da Kura Ta Zama Kada

Ga ta nan, ku matso.

Ta zo, muna ji.

Wata rana dabbobi, har da Kura da Zomo, suna wasan labari. Kunkuru ke tsara tafiyar, kowa da tsakuwarsa a matsayin jarumi, wuri irin na caca ake zubawa ya yanke hukunci.

Kunkuru ya ce, "Kun iso kogin kadoji, ga kwalekwale."

Kura ta ce, "Jarumina iyo zai yi."

"Kin tabbata? Wanda ya mutu ba ya dawowa."

"Kai dai zuba wuri."

Wuri ya kife kaf, kada ya haɗiye jarumin. Kura ta wage baki za ta cinye Kunkuru.

Ya ce, "Dakata, ba mu da mai zama kada a wasan. Za ki iya?"

Ta dubi tsakuwar Zomo, ta ga abin da za ta haɗiye in ta zama kada, ta ƙyalƙyale da dariya. Har yau ba ta daina ba.

Ƙurunƙus, tatsuniya ta shige raminta.