Hawayen Farfesa da Shafukan da Suka Manne

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan uwa na wannan shafi.

Na ji kun ce ta zo ku ji ta. To, ku gyara zama.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da idonsa ya fara rauni. Abin da ya fi ƙauna a duniya shi ne kabad ɗinsa na littattafai, waɗanda ya yi shekara arba'in yana tarawa. Ya ce in sabuwar shekara ta kama, zai ba ɗaya daga cikin 'ya'yansa biyu littattafan gaba ɗaya.

Babban ɗansa ma'aikacin ofis ne, ana ce masa Farfesa, ko da yake shi ya raɗa wa kansa sunan. Kullum da littafi a hammata, bango yana kallon waje don mutane su gani. Ƙanensa kafinta ne. In yana karatu sai ya bi layi da yatsa, leɓe yana motsi. Farfesa ba ya kiransa sai Hawainiya.

Tun a farkon shekara uban ya ba Farfesa wani tsohon littafi mai kauri, labarin wani matafiyi. Bayan kwana uku Farfesa ya dawo da shi.

"Baba, ai ƙarshen littafin nan sai da ya sa ni hawaye," in ji shi, har da dafa ƙirji.

Tsoho ya ce, "Allah sarki." Ya miƙa wa kafinta littafin, shi kuwa ya riƙe shi wata da watanni.

Farfesa bai ko yi shakkar wanda za a zaɓa ba. Ya je shagon ƙanensa, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada ƙurar katako ta taɓa masa takalmi.

"Hawainiya, ka haɗa min kanta mai hawa shida, littattafan Baba zan jera. Ka yi abin da ka iya, ka bar wa masu karatu karatu."

"To, Yaya," in ji kafinta. Ya kuwa haɗa ta, ya goge ta sumul.

Ranar ƙarshe ta shekara, da la'asar, uban ya kira su ɗakinsa. Ya ce kowa ya faɗi abin da ya karanta bana da abin da ya ƙudurta baɗi.

Farfesa ya zaro takarda, ya gyara murya. "Bana littafi hamsin da biyu. Baɗi ɗari cif, ba ragi." Ya dubi ƙanensa a wulaƙance. "Kai fa, malam mai guduma? Ka kai shafi na goma kuwa?"

"Guda ɗaya na karanta, Yaya. Wanda Baba ya ba ni."

Farfesa ya yi dariya har da buga cinya. "Ɗaya! A shekara! Ko gara ta fi ka cin littafi."

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Baba, ka gafarce ni da na daɗe da shi. Shafuka talatin na ƙarshe na tarar sun manne, sun zama kamar falanki. Sai da na riƙa kara su a tururin ruwan zafi, ina bi da reza a hankali, shafi ɗaya a rana, don kada rubutun ya yage. Burina na baɗi shi ne in riƙa zuwa bayan na tashi daga aiki ina karanta maka shi, tunda idonka ba ya gani sosai. Akwai wuraren da ban gane ba, sai ka yi min bayani."



Tsoho ya juya wajen babban ɗansa, ya yi magana a hankali. "Shekara goma ke nan shafukan nan suna manne, tun da rufin ɗakin nan ya yi yoyo. A manne na ba ka, a manne ka dawo da shi. To, Farfesa, ta wace ƙofa ka shiga ƙarshen har ka yi hawaye?"

Farfesa ya duba takardarsa mai hamsin da biyu, ya ninke ta ya cusa a aljihu.

Uban ya lalubo makullin kabad, ya sa a tafin kafinta mai kaushi.

"Kantar da ka haɗa tana nan?"

"Tana shago, Baba. Ta Yaya ce."

"Kai masa abarsa. Ya jera hawayensa a kai."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera. Ba don ramin ƙarya ƙurarre ne ba, da Farfesa ya sha.

Darasi: In za ka tsara burin sabuwar shekara, kada ka tsara shi don idon mutane. Littafi ɗaya da ka karanta har ƙarshe ya fi ɗari da ka yi yawo da su a hammata. Kuma kada ka raina mai tafiya sannu, wataƙila shi kaɗai ne a kan hanya. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu dogon jerin buri, kafin su cika takarda.